Kassimu Ba Zai Kwana a Firiji Ba

Kassimu ya cika da hantsi, ranar Alhamis, a wani asibiti da ke unguwar Mahjar a Jidda, hannunsa cikin nawa. Ban yi kuka ba a lokacin. Ba taurin zuciya ba ne, aiki ne a gabana.

Shekara ashirin da uku mijina yana tuƙa mutanen wani gida a Abhur, mutanen da ba sa shiga mota sai an ƙure mata sanyi. Shi kuwa ɗan Damagaram ne, rana ce abincinsa. Cikin zafin Jidda za ka gan shi da rigar sanyi a kujerar direba, ana yi masa dariya. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: "Fatu, na sha sanyi ya ishe ni. In na tafi, kada ki bari in kwana a firijin asibiti." Na yi masa alkawari.

Ma'aikaciyar jinya ta ce in ba a kawo takardar kafili, wato ubangidan da yake wa aiki, an karɓi izinin binnewa yau ba, to sai Lahadi, don ofisoshi ba sa buɗewa Juma'a da Asabar. Na kira wansa Abduljalil a Riyad.

"Ki zauna wuri ɗaya," in ji shi. "Wannan ba aikin mata ba ne. Zan iso Asabar."

"Bon, Yaya, Allah ya kawo ka lafiya. Amma ƙaninka ba zai jira ka cikin ƙanƙara ba."

Na kashe. Na kira kafilin sau huɗu, bai ɗauka ba. Sai na shiga duba sunaye a wayar Kassimu, na ci karo da guda: Magsala. Na san nan ake kai mamaci a yi masa wanka da likkafani, su ne kuma ke da motar gawa. Na ce a raina, bawan Allah, har lambar ya tanadar mini.

Abin da ya shige mini duhu shi ne, mu mun raba wanka da wanki, Larabawan Jidda ba su raba ba. Wurin wankin kaya magsala, wurin wankin mota magsala, wurin wankan gawa ma magsala.

Wani namiji ya ɗauka. Na tattaro Larabcina na cinikin atamfa a kasuwar Bab Makka, na ce ni matar Kassimu ce, ina son su zo su ɗauka, a wanke yau, yanzu-yanzu.

"Abshiri," in ji shi, wato an gama, har da fara'a. "Ciki da waje, ko waje kawai?"

Larabcin ya gudu, Hausa ta zo da kanta.

"Ciki da waje? Mijin nawa? Kai wane irin marar tsoron Allah ne? Tukunya ka ɗauke shi?"

Ina jin ƙarar ruwa a bayansa, sai ta tsaya. Da ya sake magana da Hausa ya yi, irin ta waɗanda aka haifa a nan, masu ce wa inna khala, baffa kuma ammu.

"Khala, nan magsalar motoci ce. Ni ne Abdulghani, nan Ammu Kassimu ke kawo mota duk Alhamis. Wa ya rasu?"

Kunya ta rufe ni, na kusa jefar da wayar. Sai na hangi mutum biyu sun turo gadon ƙarfe za su ɗauki Kassimu zuwa firiji. Na kama ƙarfen gadonsa da hannu ɗaya, na ce musu sai dai su tura mu tare.

"Kassimun ne," na ce wa Abdulghani. "Kuma tunda ka ɗauka, kai Allah ya ba ni."

Ya yi salati. Ya ce Bandar, ɗan kafilin, yana nan zaune, tun da Kassimu ya kwanta shi ke kawo motar da kansa. Na ce ya ba shi wayar.

Bandar ya yi mini gaisuwa mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da na ambaci takarda, sai ya ce babansa na hutawa, jibi in sha Allahu.

"Bandar, Kassimu ne ya kai ka makaranta ranar farko, kana kuka kana cizon hannunsa. Ya taɓa ce muku jibi? Ko sau ɗaya? Ka je ka tashi babanka. Yau nake so."

Daga baya Abdulghani ya ce da kumfa a jikin motar yaron ya fita. Shi kuma Abdulghani ya ja ƙofar wurinsa ya kulle, ya nemo magsalar gaske, ta wani masallaci, ya biyo motarsu har asibiti. Awa huɗu ina riƙe da ƙarfen nan. Sau uku aka zo lallashina, sau uku na ce a'a, ba na sakewa. Sai da Bandar ya shigo a guje da takardu na buɗe yatsuna, sun sandare.

Aka sallace shi da la'asar. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka na koma ɗakinmu. Abduljalil ya kira yana tambayar wa ya ba ni izini. Na ce mai gawar ne ya ba ni, in yana da ƙorafi ya kai masa.

Gab da magariba aka buga ƙofa. Abdulghani ne, ƙato baƙi mai furfura a gemu, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Gwiwoyin tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, duk ƙasa. Bai san alkawarin da na yi ba, ban gaya wa kowa ba.

"Khala, ni na shiga kabarin na karɓe shi," ya ce, yana kallon hannuwansa. "Kin san shi da rigar sanyin nan tasa. Wallahi ƙasar da ɗumi, kamar an shanya masa ita a rana."

 Nan na zauna a bakin ƙofa, na yi kukan da nake riƙewa tun hantsi.