Ranar da Na Kira Sunanta

Shekara goma sha biyu ina aikin nas a ɗakin yara, kuma ba yabon kai ba, tun daga bakin ƙofa nake gane halin da yaro yake ciki: yadda ya riƙe kansa, yadda idonsa ya faɗa, ko kukan nasa da hawaye ko babu. Iyaye mata tsorona suke ji saboda faɗa. "Kwana uku yana zazzaɓi, kina zaune kina kallonsa kamar talabijin?" Haka nake musu, ba na raga wa kowa.

Yarinya ɗaya ce a duk Birnin Zariya ba ni da ikon dubawa. Ummukulsum, 'yata ta fari.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ta surukata Hajiya Uwa ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, tsakar gida ɗaya da nawa. Shekararta goma sha ɗaya ban taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar Hajiya" nake cewa, ita kuma ta ce mini Anti. Matan gida har yabona suke, wai Sakinatu duk da bokonta akwai kunya. Ni kuma sakarya ina jin daɗi.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo gari. Gadajenmu suka cika, muka koma shimfiɗa wa yara tabarmi a baranda. Wata Talata da safe, na sa fararen kayana, na durƙusa a ƙofar Hajiya zan gaishe ta. Sai na hango yarinyar kwance, ta juya wa haske baya, ta rufe idonta da zane. Gudun haske alama ce da na sani.

"Hajiya, yarinyar taki ba ta je makaranta ba?"

"Kanta ke ciwo. Rana ta sha jiya. Na ba ta jiƙo."

Matan ƙannen mijina biyu suna zaune suna tsince shinkafa. Na sassauta murya. "Da dai an duba wuyanta."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau Sakinatu ce ke cigiyar 'yar fari? Tashi ki tafi aikinki, ni na raini ubanta."

Matan suka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba, tsokana ce kawai, amma ta ɗaure ni tamau. Taku uku ne tsakanina da gadon. Abin da ake bukata bai kai minti ɗaya ba: ka sa hannu a ƙeyar yaro, ka ɗago kansa, ka ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirji. Na san haka fiye da kowa a unguwar. Ƙafata ta ƙi shiga ɗakin. Na ce, "Allah ya sawwaƙe," kamar wata maƙwabciya, na fita.

Ranar na duba wuyan 'ya'yan mutane har hannuna ya gaji. Wata mata ta kawo ɗanta ya riga ya sanƙare, na buɗe baki zan yi mata faɗan da na saba, sai na fasa. Da wane bakin? Ana kiran azahar na ce wa abokiyar aikina Sista Lami ta riƙe mini ɗakin, na nufi gida.

Ban yi sallama ba, ban cire takalmi ba. Na wuce Hajiya na hau gadon. Jikin yarinyar kamar garwashi. Na sa hannu a ƙeyarta na ɗaga, sai kafaɗunta suka taso tare da kan, wuyan ya ƙage kamar taɓarya. Ta yi wata ƙara da har yau nake ji.

"Sakinatu, a gabana?" in ji Hajiya.

"A gabanki, Hajiya. Ba ni zane."

Na goya ta, goyon da rabona da shi tun yaye. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa na yi ta gudu tsakanin katangu, ƙafafunta suna dukan cinyoyina, har bakin titi. Da na waiga, Hajiya ce a bayana, ba mayafi, tana haki.

A asibiti aka yi wa yarinyar allura, aka sa mata ruwa. Ta rayu. Har yau ban sani ba ko awa shidan nan da na ɓata sun canza wani abu. Likita ya ce ba lallai ba ne. Ban yarda da shi ba, ban kuma ƙaryata shi ba.

Rana ta tara za a sallame ta. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau sai mun gwada jinsa, domin cutar takan tafi da kunne. Gwajin mai sauƙi ne: ka tsaya a bayansa inda ba ya ganinka, ka kira sunansa. Sista Lami ta san al'adar gidanmu, ta ce bari ita ta yi. Na ce a'a.

Yarinyar tana zaune a bakin gado tana kallon taga, Hajiya na gefe da carbi. Na tsaya a bayanta. Bakina ya yi nauyi, sunan kamar ba ni na haifi mai shi ba.

"Ummukulsum."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Yarinyar ba ta motsa ba.

"Ummukulsum!" Wannan karon har yaran baranda sai da suka waigo.

Na dafa kafaɗarta. Ta juyo ta yi mini murmushi, ta ɗaga murya fiye da kima.

"Anti, me ya sa kowa ya yi shiru a asibitin nan?"