Dambu Mai Ƙyalli

Ni Baiwa, duk Zakka an san ni da daddawa da busasshen zogale, har kasuwar Safana ake cigiyata. Sai ga shi da furfurata an laƙa mani Baiwa mai tsakuwa. Kamilu ya ja mani.

Kamilun nan ɗan ƙawata ne, Allah ya jiƙanta, bayana ya sha fitsarinsa. Ya je birni ya dawo da injin wasa ƙarfe, duk faɗin garin nan ya rasa inda zai kafa shi sai jikin dangata, daidai inda nake shanya. Faifan injin niƙa, gatari, fartanya, duk nan ake kawowa. Dutsen injin baƙi ne mai ƙyalli. In ya kama ƙarfe sai tartsatsi da wata ƙura mai laushi, iska ta kwaso ta juye mani a tabarma. Masu saye suka fara dawo da kaya, wai yashi nake ƙarawa don mudu ya cika. Ni!

Na same shi, tabarau a goshi, takunkumi a haɓa, sai ka ce haɓar ce ke numfashi. Yana tari kamar tsohon jaki.

"Kai, ɗan nema, kashe ni za ka yi ko kanka?"

"Haba Inna, ai in na tashi madara nake sha, tana wanke komai."

"Madarar ta ƙirji take bi? Uwarka ba sakarya ba ce, ban san inda ka gado ba."

Da tarin ya kama ni ni ma, na je wajen Sarah, malamar asibiti. Ta ce dutsen nan ba daga tsauni aka faso shi ba, dafa shi ake a masana'anta, silikon kabayid ko me. Ya fi haƙori tauri, in ya faɗa ido ya karce shi, ƙurarsa in ta daɗe tana taruwa a huhu ba madarar da za ta fid da ita. Wai a riƙa jiƙa dutsen, a rufe hanci da ido, a nisanci abinci.

Na kwashi maganar na kai wa Mai unguwa Daudu. Ya saurare ni yana sakace, ga fartanyoyinsa jingine a zaure suna walƙiya, sabon wasa.

"Baiwa, ƙura ai ƙura ce. Wa ta taɓa kashewa? A yi haƙuri da yaro."

Na ce to, ranka ya daɗe.

Ban yi tuwo ba, don tuwo haɗiye shi ake. Dambu na turara da zogalen da ya wuni jikin danga, irin wanda nake ci kullum, na zuba mai da ƙuli har ƙamshi ya tsallaka gida uku. Bayan la'asar na ɗauka zuwa gindin bishiyar bedi inda dattawa ke zama, Kamilu na gefe an kira shi karɓar wani gatari.

"Sadaka ce, ranka ya daɗe. A sa albarka."

Mai unguwa ya cika hannu ya kai baki. Ƙararas! Har na ƙarshen tabarma ya ji. Ya dafe kunci wajen haƙorin Makkan da yake yi mana murmushi da shi tun da ya sauko, ya tofa a tafi, ya ƙura ido. Ga baƙin ƙyallin nan.

"Baiwa, mene ne wannan?"

"Ƙura ce, ranka ya daɗe. Ƙura ai ƙura ce. Ƙara loma. Kamilu, ruga ka kawo masa madara."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Ba a kai Juma'a ba injin ya koma bayan gari wajen tsohuwar rijiya, da gwangwanin ruwa rataye yana ɗiga a kan dutsen. Abin da ƙirjina ya kasa samo mani, haƙori ɗaya ya samo.

Daddawata ta koma Safana. Sunan dai bai gama sakina ba. Shi kuwa Kamilu ya sa aka riƙa yi masa gadin hanya, da an ce ga Inna Baiwa nan sai ya ja takunkumi ya rufe hanci. Shi ya sa yanzu ta bayan rijiya nake ɓullo masa, da sandata.