Agogon Auta

Ranar da za a yi wa Auta tiyata ce kwamfutar Baba ta ga damar yi mana yaji. Ba jiya ba, ba shekaranjiya ba, sai ranar.

Auta ƙanwata ce. Aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa, inda su suke sallar azahar mu muna karin kumallo. Likitoci sun ga ƙari a cikinta, suka ce sai an cire. Ta yi alkawarin za ta kira Baba ta bidiyo kafin a shiga da ita, shi kuwa tun da sassafe ya yi wanka, ya saka rigarsa ta fita unguwa, ya zauna gaban kwamfutar kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Baba ba ya ji. Ƙarar injinan masaƙa ce ta cinye masa kunne kaɗan-kaɗan, har ranar da ya yi ritaya sai da ya ga hannuwa sannan ya gane tafi ake masa. Amma ya iya karanta leɓe, ya iya har ya wuce misali, don ko daga ƙofar kicin ka yi gulmarsa sai ya ba ka amsa. In kuma magana ba ta yi masa daɗi ba, sai ya rufe ido abinsa. Shi ke nan, ka yi ta yi, ba kowa a gida. Na sha tsayawa a kansa ina faɗa da mutumin da ya riga ya kashe ni kamar rediyo.

Saboda leɓen ne muka sayo masa wannan kwamfuta ta tebur mai faffaɗan allo. A waya fuskar mutum ba ta wuce tafin hannun jariri, idonsa kuma ya fara gajiya. Saƙon rubutu kuwa bai yarda da shi ba. Ya ce Auta ko wuta ce ke cin ta, "lafiya lau" za ta rubuto.

Na shigo na tarar da manhajar kiran bidiyon a buɗe, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a tsakiyar allo, ba hoto ba saƙo.

"Uwata," in ji Baba da ƙarfi, don bai san yadda muryarsa ke fita ba, "wannan abin tun ɗazu yake zagaye kamar ɗan akuya a turke."

Na ajiye jaka na ja kujera. Na rufe manhajar na buɗe, da'ira ta dawo. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya, na jira ta gama nishinta na tsufa ta tashi, da'ira ta dawo. Na duba akwatin intanet da ke kan firji, fitilunsa duk kore shar, wayata kuma da shi take aiki lafiya lau. Na shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe, na zare kowace waya na hure na mayar, na fito da yanar gizo-gizo a ɗankwali. Da'ira tana nan tana juyawa, ko kunya babu.

Na kira ƙanena Injiniya. Bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, fanka ya taɓa gyarawa sau ɗaya sunan ya bi shi, fankar ma ba ta kai mako ba.

"Yaya, kashe ki kunna."

"Na yi."

"To sake yi."

"Kai, in ba ka da abin faɗa ka ce ba ka da shi."

"To goge manhajar ki sauko da sabuwa."

"Ka san lambar sirrin Baba?"

Bai sani ba. Ba wanda ya san ta sai Auta da ta buɗe masa asusun, ita ma na tabbata ta manta. In na goge, na rufe ƙofar da hannuna na jefa makullin a rijiya. Ya ce zai zo da yamma ya duba. Na ce ya zo da yamma ya ci abinci, wannan ya fi iyawa.

Wayata ta yi ƙara. Auta ce ta rubuto: "Yaya, sun ce in shirya. Ina Baba?"

Na kira ta ta wayata, na miƙa wa Baba. Ya kawo ta dab da hanci, ya nisanta ta, ya cire tabarau ya mayar. Ina jin muryar Auta siririya tana cewa, "Baba, Baba, ka gan ni?" Ya girgiza kai ya miƙo mini.

"Ina ganin ta," ya ce, "amma ba na jin ta."

Wallahi sai da na juya baya don kada ya karanta fuskata. Na ce wa Auta ta roƙe su su ɗan dakata, ko da ƙaryar shiga bayi ce. Na rantse a raina ba za a tura yarinyar nan ɗakin tiyata ba sai tsohon nan ya ji ta, ko da kwamfutar zan ɗauka a ka in zaga gari da ita.

Na koma na danna wurin sabunta manhaja, ya ce ba zai yiwu ba, bai faɗi dalili ba. Na cire kyamara na sauya mata rami. Na rufe duk wani abin da ke buɗe. Gumi ya jiƙa mini baya. Sai na ce bari in ga nawa ya rage mana, na kai ido kusurwar allo inda agogo yake.

Agogon ya nuna rana ta yi nisa, lokacin shiga da ita ya yi. Na ɗaga kai na kalli taga, hantsi ne. Na kalli agogon bango, shi ma hantsi ya ce. Na sake duban kwamfutar da kyau, sai na ga ba awa kaɗai ba, har shekarar ba tamu ba ce. Injin nan yana can gaba, a shekarar da ba mu kai ba tukuna.

Na tuna mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Duk sanda aka kira shi, agogo yake fara dubawa, yana cewa manhajojin nan ba sa yarda su gaisa da injin da bai san yau ba.

Na kama maus zan gyara, sai na ji hannun Baba a kan nawa. Hannun masaƙi ne, har yanzu da ƙarfinsa.

"Kar ki taɓa. Lokacin Auta ne."

Na juyo na fuskance shi sosai don ya ga bakina. "Baba, kai ka canza shi?"

"Jiya da yamma. Ta faɗa mini lokacin da agogonsu. In na tsaya lissafi zan rikice, a shiga da ita ina nan ina shan shayi." Ya nuna kusurwar da alfahari. "Ni kaɗai na yi, ban tambayi kowa ba."

Wajen tura agogon gaba ne hannunsa ya zame ya tafi da shekarar, bai lura ba. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai faɗa ya zo mini, don shi ya fi kusa.

"Shi ne ya hana ta shigowa, Baba! Sai na mayar da shi namu!"

Ya rufe ido.

Yau ga ikon Allah. Wayata tana ta ƙara a kan tebur, hannunsa yana kan maus, idonsa a rufe gam. Na taɓa kafaɗarsa, ko gezau. Da wata rana ce da na yi zuciya na fita. Na tsaya ina kallon sa, sai na ga fatar idonsa tana rawa. Ashe ba taurin kai ba ne yau, tsoro ne. Wannan agogon kaɗai ya iya yi mata daga nan, ni kuma na zo zan ƙwace.

Na taka kujera na sauko da agogon bango, wanda ya fi ni daɗewa a gidan. Na murza bayansa har ya kai lokacin su Auta. Na ɗaga hannunsa ɗaya na ɗora a kai, yadda zai ji bugun a tafinsa. Ya daɗe kafin ya buɗe ido. Ya kalli agogon, ya kalli kusurwar allo, ya ga sun yi daidai.

"Riƙe mata wannan," na ce a hankali. "Ka ba ni wancan."

Ya saki maus.

Na mayar da awa, na mayar da shekara, na rufe manhajar na buɗe. Da'irar ta juya, ta sake juyawa, ina ta salati. Sai ga hotuna sun zubo reras, kira kuma ya shigo tun ban gama sauke numfashi ba.

Fuskar Auta ta cika allon. Tana kwance, an saka mata hular asibiti, ga mijinta a gefe yana riƙe mata wayar, ga wata nas tana gyara robar ƙarin ruwa. Ta rame. Ta ce, "Yaya, sannu," na ji ta sarai. Sannan ta kalli Baba ta fara magana, sai sauti ya ɗauke ɗif.

Na ce shi ke nan, wata sabuwa. Na kai hannu zan murɗa lasifika, Baba ya buge mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Sai na lura ina jin takun nas ɗin, ina jin tarin mijin. Ba abin da ya lalace. Leɓenta kawai take motsawa, yadda ba mai ji a ɗakin can, ba mai ji a ɗakin nan, sai mutum ɗaya.

Baba ya matso har numfashinsa yana taɓa allo. Ko ƙiftawa bai yi ba. Ta daɗe tana yi, hawaye na gangara mata zuwa kunne. Da ta gama, ya gyaɗa kai.

"Na ji," ya ce, da muryar nan tasa da maƙwabta ke ji. "Ni ma haka, Auta. Ki je, Allah ya fito da ke lafiya. Ina nan zaune, ba inda za ni."

Ta yi murmushi, gadon ya motsa, silin ya wuce, allo ya koma shiru.

Na share fuskata da gefen ɗankwali, na zagayo gabansa na durƙusa don ya ga bakina.

"Baba, me ta ce?"

Ya dube ni, ya ɗauki agogon bangon ya rungume shi a ƙirji. Sannan ya rufe ido.