Gaurakan Inna Rabi a Hanyar Madina

Tun da Inna Rabi ta zo Riyad daga Maradi da bizar ziyara, Nafiou bai ga dariyarta ba. Shi direban motar ɗaga kaya ne a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu. In ya dawo gidansu na unguwar Utaiqa, sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida surukarsa, ta amsa kanta a sunkuye, shi ke nan. Matarsa Sahadatou ta ce masa tsohuwar wuni take a gaban taga tana kallon bangon maƙwabta.

Da ya samu hutu sai ya ari motar abokinsa, su uku suka kama hanyar Madina bayan asuba. Har suka wuce yankin Ƙasim Sahadatou na ta miƙa dabino gaba da baya. Can ƙasa ta fara sauya kama, jan yashi ya ƙare, baƙaƙen duwatsu suka shimfiɗu iyakar ganin ido.

"Tsaya! Malam, tsaya!"

Nafiou ya taka birki har kwalbar ruwa ta gangaro ƙarƙashin ƙafarsa. Bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Kafin ya gama gyara tsayuwa a gefen titi, Inna ta buɗe ƙofa ta fice.

"Inna, lafiya?" in ji Sahadatou.

"Gauraka, Auta! Ba ki ji kukansu ba?"

Sai ga su kuwa a sama, jeri bayan jeri, masu dogon wuya, suna ta garar-garar. Wasu suka karkato suka sauka bayan wani tudu. Inna ta tattare mayafinta ta nufi tudun, tana tsallake duwatsu kamar ba ita ce ke kukan gwiwa ba. Dole suka bi ta.

Daga kan tudun suka hango su a wani kwari da ruwan sama ya kwanta. Inna ta tsugunna, ta yafuto su da hannu su ma su yi ƙasa.

"Waɗannan ba su da tukku irin na wajenmu," ta raɗa. "Amma dubi tafiyar, ita ce. Muna yara a fadamar garinmu, in suka fara rawa har tulu muke ajiyewa."

Kamar sun ji ta, biyu suka buɗe fukafukai suka hau tsalle. Inna ta toshe baki tana ƙyalƙyala dariya. Nafiou ya ciro waya zai ɗauki hoto, sai ya manta, ya tsaya kallo.

A hanyar dawowa ne wasu hasbiyoyi suka tashi fir daga cikin ƙasa, dab da ƙafar Sahadatou. Ta yi salati ta ja da baya. Ashe wani ƙaton rami ne, rufinsa ya rufta, daga ciki kuma kogo ya miƙe. Nafiou ya tuna wani abokin aikinsa ɗan Madina ya taɓa ba shi labarin irin waɗannan kogunan. Ya ce wai can da daɗewa dutse ya yi aman wuta a nan, narkakken dutsen ya malala kamar kunu, samansa ya daskare, na cikin ya tsiyaye ya bar hanya.

"To mu shiga mana," in ji Inna.

"Inna, akwai duhu fa."

"Wayarka ba ta da fitila?"

Gangaren da santsi. Nafiou ya sauka tukuna, ya tsaya yana sosa ƙeya, don bai san yadda zai miƙa wa surukarsa hannu ba. Ita ce ta kama damtsensa da kanta, ta ce, "Riƙe ni da kyau, ɗana ne kai."

Ciki da sanyi kamar randa. Bango sumul, da zane-zane a jikinsa inda dutsen ya taɓa gudana. Inna tana shafawa tana faɗin "Ikon Allah, ikon Allah." Ta yi sallama da ƙarfi, kogon ya mayar mata, ta sake yi. Sahadatou ma ta rangaɗa guɗa, su biyun suka dinga dariya.

Nafiou na gaba da fitila, yana jin kansa jagora. Ya haska wani lungu, wasu manyan idanu jajaye suka zuba masa. Abu ya taso fafar-fafar ya wuce ta kansa. Ya kwarma ihu, wayar ta faɗi, ya tsinci kansa a bayan tsohuwar, ya damƙe gefen mayafinta.

"Mujiya ce, Malam," in ji Inna, hawayen dariya na zuba. "Sake min mayafi kada ka yaga."

Da suka fito rana ta yi gora. Suka haɗa sallar azahar da la'asar a kan baƙaƙen duwatsun, suka ci burodi da laban, kindirmon Larabawa, a inuwar mota. Nafiou ya rantse shi ba tsoro ya ji ba, santsi ne ya kwashe shi. Ba wadda ta yarda.

Sai wajen magariba suka shiga Madina. A sauran tafiyar Inna ce ta riƙe hira: tsuntsun da ke shelar damina, wanda ke sata a rumbu, wanda kakarta ta hana a jefa. Ta tambaye shi ko Riyad ma akwai wurin tsuntsaye. Ya ce ya ji ana maganar wani tafki a kudancin gari, amma bai taɓa zuwa ba.

Juma'ar farko bayan sun koma Riyad, tun kafin ya gama shan shayi ta fito da takalmanta a hannu, ta ce wa Sahadatou ta zuba ruwa da dabino a leda, tafkin nan za su.