Iyakar da Auta ta Matsar

Tsawa ce ta ƙona 'yar ma'adanar bayanai ta filash da ke cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai na Yaya, ana gab da ƙwai su fara fashewa. Auta kuwa ita ta haɗa injin da hannunta, ita ta hana yayarta sayen na kanti, har da cika baki. To, ga ranar wanka ta zo, ba a ɓoyon cibi.

Ta durƙusa a kan siminti, kwamfuta bisa cinya, warin dalma ya cika ɗakin. Ta riga ta liƙa sabuwar ma'adana, ta zuba mata kwafin duk abin da ke cikin tsohuwar, wanda ta ajiye tun kafin ta ƙone. Injin ya yi kunnen uwar shegu.

"Auta, sanyi fa suke yi," in ji Yaya, tafinta manne da gilashin ƙofar injin.

"Ina kai, Yaya."

"Tun hantsi kike kai!"

Abin haushin shi ne manhajar da ke tuƙa injin makauniya ce. Ba ta sanin ma'adana sai an rubuta mata bayani dalla-dalla: nan ɗakin farko na cikinta ya fara, nan ya ƙare, wancan a leƙa kawai, kada a taɓa. Sabuwar ma'adanar kuma manyan yankuna take gogewa, ba ƙanana irin na tsohuwar ba. Iyakar ɗakunan da Auta ta rubuta tun da can sai ta faɗo tsakiyar yanki. Manhaja ta ga haka ta kulle ɗakin rubutu, ta ce ba za ta hura ɗumi ba sai ta sami inda za ta rubuta.

Dole a matsar da iyaka. Tsoro ya kama Auta. Yaya ba ta da komai a duniya bayan ƙwan nan, kuma tun rasuwar mijinta ba ta ƙara dogara da kowa ba sai yanzu.

"Don girman Allah, ki yi wani abu!"

Auta ta ja iyakar baya, ba ta tsaya lissafi ba. Ta loda, ta kunna. Rubutu ya zubo a fuskar kwamfuta, fanka ta juya, koriyar fitila ta kama.

Yaya ta rangaɗa guɗa. "Kai, autar Inna! Dama na san kanki na ja!"

Auta ta kai hannu cikin injin. Allon injin na cewa ɗumi ya yi daidai, alhali ƙarfen hita mai ba da ɗumin sanyi ƙalau yake. Nan take ta gano abin da ya faru. Iyakar ta shiga ɗan lungun da ke riƙe da saitin ma'aunin zafi, manhaja ta share shi tas. Yanzu ma'aunin ƙarya yake yi, injin ya gaskata shi. Sake saitin kuwa aikin yini ne.

"Yaya," ta ce. "Ba zai hura ba. Ni na ɓata."

Yaya ta buɗe ƙofar, ta ɗora ƙwai ɗaya a kumatunta. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta kwance zanenta na sama, ta shiga jera ƙwai a jikin cikinta don su sha ɗuminta, tana zaɓa, tana tsallake mafi yawansu.

"Ajiye kwamfutar nan," ta ce. "Ɗaga rigarki. Nawa za ki iya ɗauka?"