Koren Bango

Hilary Ackroyd ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da tarihi a wani ƙaramin gari kusa da Halifax kafin ta yi ritaya. Da gwaggonta ta rasu, 'yan uwa suka kwashe kujeru da kwanukan tangaran, ita kuma aka bar mata akwati guda na tsofaffin mujallun mata na shekarun 1860, waɗanda aka ɗinke shekara-shekara cikin bango kore shar. Ba ta ji an cuce ta ba. Kullum bayan karin kumallo sai ta baje su a teburin kicin, tana karanta yadda matan wancan zamani suke gardama kan tarbiyya da wankin leshi da ko ya dace mace ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai.

Ran nan 'yarta Gillian ta kawo mata jikarta Posy, 'yar wata goma sha ɗaya mai fitar da haƙori, ta wuce wurin aiki. Hilary ta shimfiɗa wa yarinyar bargo a gindin tebur, ta ba ta cokalin katako, ta koma karatunta.

A shafin wasiƙu ta ci karo da wasiƙar wata uwa daga Leeds. Matar ta ce tun da suka manna koriyar takarda a bangon ɗakin yara, ɗanta yake amai yana ramewa, har suka binne shi. Editan ya amsa mata da layi biyu, wai baƙin ciki kan sa mata zargin abin da bai kai ba. Hilary ta yi tsaki, ta lashi yatsa ta buɗe fitowar wata na gaba. Can wani likita ya mayar wa editan martani. Ya ce matar ta yi gaskiya, da arsenik ake haɗa wannan koren, gubar da ake kashe ɓera da ita, kuma ba takardar bango kaɗai ba, har furen ƙyalle na hular mata da bangon littattafai.

Hilary ta juya hannunta. Kan yatsunta uku ya yi kore.

Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Cokalin yana can gefe. Posy ta jawo kundi ɗaya daga akwatin, ta riƙe shi da hannu biyu tana gurgurar kusurwarsa. Kwalin ya jiƙe ya yi laushi, koren yawu yana gangarowa a haɓarta. Ta dubi kakarta ta yi dariya.

Hilary ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Ta fizge kundin, ta sa yatsa a bakin yarinyar tana kwakulo ɓarɓashin kwali, sai ta tuna yatsan nata ma kore ne. Ta ruga famfo da ita.

Mijinta Desmond ya shigo daga lambu da takalmin roba. "Me kika yi mata take tsala wannan ihu?"

"Ɗauko mota."

"Ko shayi ban..."

"Desmond, ɗauko mota. Guba ta ci."

A hanya ana yayyafi, kuma kowace danja sai ta tsayar da su. Posy ta gaji da kuka ta fara lumshe ido. Hilary tana jijjiga ta tana kiran sunanta, don ta kasa gane barci ne ko wani abu. Desmond ya ce, "Lokacin barcinta ne, ai kin sani." Amma muryarsa ba tasa ba ce.

A asibiti Hilary ta ɗora kundin a kan teburin nas cikin ledar burodi. Nas ɗin ta dubi ledar, ta dubi Hilary. "Littafi kika ce ta ci, Baba?"

"Bangon. Ki karanta nan, likita ne ya rubuta."

"Likitan wace shekara?"

"1862."

Nas ɗin ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga haɓar yarinyar. Ta ɗaga waya.

Aka ɗebi jinin Posy da fitsarinta. Gillian ta iso da katin aiki a wuya, ta karɓe 'yarta ba tare da ta dubi uwarta ba. Sai can ta ce, "Awa huɗu kawai na ce ki riƙe min ita, Mama."

Hilary ta zauna a kujerar roba tana kallon cikin yarinyar yana hawa yana sauka.

Wajen la'asar likita ta fito. Ta ce abin da ya shiga cikin Posy kaɗan ne ƙwarai, za a riƙe ta zuwa gobe don a sa ido, amma ba ta ga abin tsoro ba. Sannan ta tambaya wa ya fi taɓa littattafan.

"Ni ce," in ji Hilary. "Wata biyar ke nan. Kuma ina lasar yatsa."

Gillian ta juyo da sauri. Karon farko ke nan da ta dube ta tun shigowarta. Ta miƙa wa Desmond yarinyar, ta kama hannun uwarta ta naɗe mata hannun riga da kanta, ta ce wa likitar, "Ita ma a ɗebi jininta yanzu."