Itacen Wankan Jegon Hanatu

Tun cikin yayata Hanatu yana wata biyar Inna ta fara tara itace a bayan ɗakinta a Nahuce. A Maraɗi Hanatu take aure, kuma haihuwar fari a gida ake yi, uwa ta dafa ruwan wanka da hannunta har kwana arba'in. Saura mako uku Hanatu ta taho sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Inna ta ce tunda Hanatu ba za ta iya tahowa ba, ita za ta je mata.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Gusau, ina nazarin yadda ƙasashenmu suka haɗa kai bayan samun 'yanci. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS a kaina take. Shi ya sa da Jibo direba ya ce mana a tasha ya san masu babur da za su tsallakar da Inna ta gonaki, na ƙi. Na ce uwata ba buhun shinkafa ba ce, muna da takardar yarjejeniya.

"To, 'yar boko," in ji shi, "riƙe ta da kyau, kada iska ta ɗauke."

Muka je har bakin iyaka, Inna rungume da kanwa da yajin jego. Jami'in ya bar ni na gama karanto masa doka, sannan ya ce umarni daga sama yake, shi ma matarsa tana can ƙetare. Kafin mu sake neman Jibo, 'yan bindiga sun tare hanyar gonakin.

Hanatu ta haihu, uwar mijinta ta yi mata wanka. Kullum da safe Inna na kan waya tana tambaya ko ruwan ya tafasa sosai. Ba ta taɓa ɗora mini laifi da baki ba, na gwammace ta zage ni. Ta hana kowa taɓa itacen. Ni na riƙa rufe shi da leda, ina kakkaɓe gara duk Asabar.

Sai da yaron ya fara zama aka buɗe iyaka. Washegarin isowarsu Inna ta hura abin da gara ta rage, ta ɗora tukunya. Hanatu ta yi dariya, ta ce ai jego ya wuce tuni.

"Shiga bayi," in ji Inna.

Ni na ɗauki ruwan. Har yau ban ce na yi kuskure ba. Ba ni na sa hannu a takardar nan ba.